Kwalbar da Ta Zo daga Damagaram

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni ganin lefen Binta a Kazaure ba. Waɗanda ke ɗakin su ne Goggo Dije, ƙanwar uban amarya, da Hajiya Falmata, gwaggon ango, wadda ta kawo kayan daga Babura, sai uwar amarya a bayan labule, sai ni. Lokacin muna jihar Kano, kuɗin mai ya fara shigowa, an daina kawo lefe a kwando an koma akwati.

Ku da kuka same ni a sana'ar nan ta haɗa turare kun san tsarinmu. Akwai mai daka gajiji da sandal, akwai mai suyar farcen turare, akwai mai haɗi, sannan akwai wadda ke shinshinawa ta ce ya yi ko bai yi ba. Wannan na ƙarshe shi ne aikina, shi ya sa ba na shafa turare a jikina, don kada hancina ya ruɗe. Humrarmu kuwa abin da ka ji a bakin kwalba shi za ka ji a zane har a wanke shi. Da wannan sanin na shiga ɗakin.

Na tarar an rufe akwatuna, alhali ba a gama ganin kaya ba. Kwalba ɗaya ce a tsakiyar tabarma, mai kauri, ruwanta kamar zuma, da kan fesawa. Angon ɗan kasuwa ne mai ƙetarawa Damagaram, can ya sayo ta a kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa.

Goggo Dije ba ta bari na zauna ba. "Iya Tabawa, shinshina hannuna." Na shinshina. "To shinshina kwalbar." Na shinshina. "Abu ɗaya ne?"

Ba abu ɗaya ba ne. Bakin kwalbar yana da kaifi kamar an ɓare lemo. Hannun Dije kuwa, da aka fesa mata tun hantsi, wardi ne da wani fure mai nauyi.

"Kin gani! Turaren da ke juyawa a jikin mutum. An yi masa aiki don a juya mana kan yarinya. Su kwashe kayansu."

Hajiya Falmata ta gyara mayafi. "Haba Dije, ki ji tsoron Allah. Mu da muka gaji humra tun kakanni, sai mu rasa abin da za mu zuba wa asiri sai kwalbar Nasara?"

"Ai shi ya sa. Wa zai yi zargin ta Nasara?"

Kun san abin da mayar da lefe yake nufi. Auren ya tashi ke nan, kuma Binta tana son yaron, kowa a unguwa ya sani. Ni suke jira in yanke. Na ce wa Hajiya Falmata ta miƙo nata hannun, don ita ma ta fesa da suka iso. A jikinta sandal na ji da almiski, furen ya yi ƙasa. Kwalba ɗaya, ƙamshi uku. Na dubi gindin kwalbar ko akwai laka, babu. Na girgiza ta ko ruwan zai rabu, bai rabu ba. Na fesa a farin ƙyalle na kai kusa da garwashi, don abin da aka jiƙa da saiwa ko layar da aka wanke yana tashi da ƙauri. Babu ƙauri. Duk abin da na sani na gwada, ban sami komai ba, kuma ban gane komai ba.

"To?" in ji Dije.

Na ce ban sani ba. Ba su saba jin wannan daga bakina ba. Sai na sake ɗaukar kwalbar, na naɗe hannun riga, na fesa a wuyan hannu da ƙasan kunne. Hajiya Falmata ta ce, "La ila, yau Iya Tabawa da turare!"

Na ce, "Dije, idan an yi aiki a cikinsa, yanzu yana jikina. A bar akwatunan nan su kwana. In na wayi gari ina tambayar ina angon yake, ku mayar da lefe."

Uwar amarya ta yi dariya a bayan labule har da tari. Dije ba ta yi ba, amma ta ce to.

Na koma gida, na hana kaina shiga madafa don kada hayaƙi ya taɓa ni. Da farko ya sa ni atishawa, na ce a raina wannan ai shirme ne. Kafin la'asar lemon ya tafi, wardi ya fito da wani farin fure irin wanda alhazai ke kawo mansa daga Makka. Na ce to, na kama shi. Ina idar da sallah na kai hanci, furen ya ja baya, ga kanumfari kaɗan, ga sandal. Wajen magariba wani zaƙi ya taso daga ƙasa, mai ɗumi, kamar alewar madara tana kan wuta, wanda har yau ban san sunansa ba. Na yi ta tambayar kaina, yaya aka yi mai haɗin ya jera su kowa da lokacinsa? Mu in muka zuba abu goma, tare suke tashi. Shi wannan kamar ya ce wa wani ka shiga tukuna, ya ce wa wani ka jira. Mai gidana ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa yana dube-dube, ya ce, "Wace baƙuwa muka yi?" Na ce masa ya wuce ya ci tuwonsa.

Abin da na riƙe daga ranar shi ne dokar da nake hana ku saɓawa: kada ki yanke wa turare hukunci a bakin kwalba, ko a hannun wata. Ki sa shi a jikinki ki yini da shi. In kuma ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, don mutane sukan so mai sana'a ta tabbatar musu da tsoronsu, kuma da bakinki za a iya rushe gidan wasu.

Da safe na shinshina hannuna, sauran ɗan ƙamshi ne mai laushi kamar na tsohon akwatin tufafi. Na saurari zuciyata, ban ji tana neman kowane ango ba. Na ɗauki mayafina na tafi gidan. Dije na bakin murhu tana dama koko, ta ɗago tana duban fuskata.

Na ce, "Har yanzu ban san mene ne a ciki ba. Amma ni ce dai Tabawar jiya. Ku buɗe akwatunan, a kira mata su ga kaya."