Koke a Kan Na'urar da Babu Ita

Cikin shekarun da na yi ina koyar da Larabci a sakandaren 'yan mata ta ƙauyenmu, kusa da Kamlin, ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mini takardar koke a kan abin da babu shi a duniya ba. Ku da kuka shigo aikin yanzu kuna yawan tambayata yadda ake zaɓa wa ɗalibai abin karantawa. Ga yadda na koya, in ma na koya ɗin.

Ni ce ke riƙe da ɗakin karatu, ba don na fi kowa ba, sai don a hannuna mabuɗin ya maƙale. Wata Lahadi a zango na biyu, mudira, wato shugabar makarantarmu Sitt Nafisa, ta miƙo mini wasiƙa daga ofishin ilimi. Ana son kowace makaranta ta ba da jerin sababbin gajerun labarai, na ƙagen kimiyya da na almara, a kasa su gida biyu, don sa'ar karatu ta mako. Ƙa'idar ita ce malama ta zaɓa, majalisar iyaye ta saurara, shugabanta ya sa hannu, a aika kafin Alhamis ta sama. Sitt Nafisa ba ta ɓoye mini ba: in jerin bai tafi ba, sa'ar za ta koma ta lissafi, ɗakin kuma a tara masa karyayyun kujeru. Dama ta daɗe tana sa masa ido.

Ni da na taso a kan nahawu da tsoffin waƙoƙi, ina na san ƙagen kimiyya? Na yi kwana huɗu ina bin mujallu a waya, ina karantawa kaina yana ɗaurewa. Wani labari, mace ce ke ba da hayar tunaninta na yarinta. Wani, gari ne guda a bayan kifi, ba wanda ya damu ya gaya mini yadda ya hau can. Nakan kai ƙarshe in koma farko, ina zaton an tsallake shafi. Daga bisani na kafa wa kaina doka: in da inji a ciki, kimiyya ne, in babu, almara. Na zaɓi takwas, huɗu a kowane gida, ina jin na iya.

Ranar Talatar makon da ya biyo majalisar ta zauna a ofishin mudira. Manoma ne duk, masu hawasha, wato gonar da ake noma da ruwan tur'a, magudanar da ke janyo ruwa daga kogi zuwa gonaki. Shugabansu Alhaji Abakar, abokin mahaifina ne, mutumin da ko dariya sai ya auna yake yi. Na rinƙa ba su kowane labari da Hausa a taƙaice.

Rikici ya fara a inda ban zata ba. Akwai labarin wata aljana a kogi da ke mayar wa mutane abin da ruwa ya ci musu. Na sa shi a almara. Wani dattijo ya ce bai yarda ba, don hakan ya faru da kawunsa a kogin Dinder, kuma kiran abin ƙage rashin ladabi ne. Na ce to in mayar da shi gidan kimiyya? Ya ce a'a, shi ba kimiyya ba ne, gaskiya ne. Na duba wasiƙar ofis, babu gida na uku. Na dubi Sitt Nafisa, ta dubi fankar sama.

Sai na zo kan labarin na'urar rabon ruwa. A cikinsa an kafa wata na'ura a bakin tur'a, tana jin ƙishin ƙasa, ta fara buɗe wa gonar da ta fi bushewa. Ba ta san mai sarauta ba, ba ta shan shayin kowa. A ƙarshe manoman da ke kusa da bakin ruwa, waɗanda suka saba fara samunsa, suka taru suka farfasa ta. Alhaji Abakar ya sa na maimaita, sannan ya tambayi ƙasar da aka yi hakan. Na ce labarin bai faɗa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce ai ba za su faɗa ba. Na ɗauka raha yake yi, har na murmusa. Ya ce zai sa hannu gobe, suka tashi.

Na kasa gane ko na ci ko na faɗi.

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Abakar ya iske ni a ɗakin karatu, da takarda a hannu, cike da dangwalen yatsu. Shi da sauran masu hawasha a ƙarshen tur'a, inda ruwa ke isa a makare in ma ya isa, sun yi shawara bayan sallar Asuba. Suna so in rubuta musu koke da Larabci mai kyau zuwa ofishin ban ruwa, a kawo musu irin na'urar, su kuma sun yi alkawarin gadinta. A ganinsa, tunda na ce labarin sabo ne kuma na kimiyya, ai rahoto ne.

In na faɗa masa gaskiya, na kunyata shi gaban mutanen da ya tara, kuma ga jerina bai sa wa hannu ba. In na yi shiru, ofishin ban ruwa ne zai yi masa dariya. Wallahi na ɗan yi tunanin in karɓi sa hannun tukuna. Har yau ina jin kunyar wannan tunanin.

"Baba Alhaji," na ce, "babu na'urar nan. Wani ne ya zauna ya ƙaga ta."

Ya dubi takardarsa. Ya ce, "Ɗiyata, inda sunka farfasa ta fa? Nan ne na san gaskiya ne."

Na ce shi ma ƙagawa aka yi. Ya tambaye ni, to don me mutum zai ɓata lokacinsa ya rubuta abin da babu? Ni mai takardar shahadar jami'a, sai na ɓige da gyara littattafan da ke kan tebur. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihu. Na gama saddaƙarwa ɗakin karatun ya tafi. Sai ya miƙo hannu ya karɓi jerin, ya ce in nuna masa inda labarin yake. Na nuna masa, na uku a gidan kimiyya.

"Mai da shi na hwarko," ya ce. "Wanda yar rubuta wanga, ko wane ne, hawashatai na ƙarshen tur'a. Bari ɗiyan masu bakin ruwa su karanta shi."

Ya sa hannu, ya fita zuwa wajen mutanen da ke jiransa a ƙofar makaranta. Ban san abin da ya gaya musu ba, ban kuma taɓa samun ƙarfin tambayarsa ba.

Jerin ya tafi, sa'ar ta tsira. Labarin aljana na aika shi a ƙasan shafi, ba gida, kuma ofis bai ce uffan ba. Har na bar aiki ban iya raba kimiyya da almara ba, kada ku tambaye ni. Abin da na riƙe kawai shi ne, kafin in ce wa kowa ga labari karanta, sai na fara sanin inda gonarsa take.