Yadda muka yawata da akwatin zaɓe a Jidda

Ƙarfe biyar da kwata na asuba al'amura suka fara lalacewa, lokacin da Alhaji Sabitu ya fito daga masauki sanye da riga mai ƙyalli irin ta jami'ai. Uwar ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna ƙetare ce ta turo shi daga Abuja ya sa ido a zaɓen kwamitin reshen Jidda, don an kai ƙara cewa 'yan kasuwar cikin gari kaɗai ke zaɓe, leburori ba a ko tambayarsu, alhali kwamitin ne ke yanke wanda za a taimaka idan ciwo ko mutuwa ta zo. Ni ɗaliba ce. An haɗa ni da shi don an san ba na musu.

Unguwar Ruwais

Nan komai lafiya. Attajirai suka jefa ƙuri'a, suka ba mu shayi da mutabbak, wata wainar Larabawa. Alhaji ya ci uku, ya ce dimokuraɗiyya ta zauna.

Tashar jiragen ruwa

Direbanmu Hamza, haifaffen Jidda, ya roƙe shi da rabin Hausa rabin Larabci ya cire rigar. Ya ƙi. Ya sauka, ya ɗaga murya ya ce kowa ya fito da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a tantance shi. Ban taɓa ganin dattawa sun yi gudu haka ba. Wani ya bar takalmi ɗaya, wani ya shige kwantena ya ja ƙofa.

"Halas, shi ke nan, ya Alhaji, sun ɗauka kame ne," in ji Hamza.

Alhaji ya ce in rubuta cewa jama'a ba su da sha'awar zaɓe. Na riƙe biro ban rubuta ba.

Unguwar Masana'antu

Mun isa bayan azahar, labari ya riga mu. Titi fayau, sai Inna Habi mai tuwo a bayan wani sito tana kwasa. Alhaji ya tafi neman masallaci. Na matsa kusa da ita, na tambaye ta yadda za a yi mutanenta su jefa ƙuri'a kafin magariba, in ba takarda.

Ta miƙo mini malmala, na gode mata, ta ce, "Ajiye akwatin nan kusa da tukunya, 'yata. Duk wanda zai zo cin tuwon nan na san garinsu, na san uwarsa. Alhajin kuma ku kai shi ya kalli teku."