“Ba Ni Jin Shi,” In Ji Baba

Akwai wani yammaci a falona na Agiye wanda ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe shi. Abin ya faru ne a kan kayan sauti, da wani tsohon kaset, da kalma guda ta Hausa wadda mahaifina bai taɓa ajiye ta a mazauninta ba.

Baba Bafulatani ne da ya jingine sandar kiwo ya kama noma. Shanunsu sun ƙare a wata shekarar fari, sai ya zauna a wani ƙauye kusa da Gangara, ya auri Bahaushiya, wato Innarmu. Hausa ya iya ta sarai, har ciniki yake yi da ita ya ƙure ɗan kasuwa. Abu ɗaya ne ya gagare shi: bai taɓa raba “shi” da “ita” ba. Saniya “shi” ce, kasuwa “shi” ce, mace ma haka. Muna yara mukan kwanta da dariya in ya shigo yana tambaya, “Shi fa, ya dawo daga rijiya?” Inna takan amsa daga bakin murhu, “Bai dawo ba, ga shi nan zaune yana kallon ka.” Sunanta kuwa ban taɓa jin sa a bakinsa ba, har ta koma ga Allah. Kunyar Fulani ba ta barin mutum ya ambaci matarsa.

Shekaru kaɗan bayan rasuwarta, da aka gama girbi, Baba ya zo wurina ganin likita saboda kunne. Ƙanwarsa, Goggo, ita ta rako shi. Kunnen hagu ya riga ya mutu, na dama kuma likita ya gaya mini a gefe cewa yana kan hanya, babu maganin da zai tsayar da shi. Baba bai ji abin da aka ce ba, amma ya karanta a fuskata.

A lokacin ina cikin ɗokin wani abu da na sayo a Gazawa wurin masu shigo da kaya daga ƙetaren iyaka. Hom tiyata ake ce masa: ƙananan sifiku biyar da ake zagaye ɗaki da su, da wani ƙaton akwati mai gurnani, duk a haɗe da telebijin. In aka sa fim, sai ka rantse jirgin sama ne zai sauka a kan rufinmu. Da Goggo ta ji sunan sai ta riƙe haɓa ta ce, “Tiyata kuma a cikin gida? Wa za a yanka?” Ni kuwa ina ta baza hanci, malamin lakol, wato makarantar boko, ya mallaki abin da babu irinsa a unguwa.

Washegari Baba ya zaro wani ƙulli daga aljihun rigarsa, ya warware tsumma, sai ga kaset. Na san labarinsa. Ranar sunana aka ɗauke shi. Wani maƙwabci da ya dawo daga cin rani da rediyo mai kaset ne ya naɗi ƙanen Baba yana busa sarewa, mata suna kiɗan ƙwarya. Rediyon gidanmu ya daɗe da lalacewa, kaset ɗin yana kwance a ƙasan akwati.

“Ka sa mini wannan cikin injin naka,” in ji shi. “In ji shi kafin kunnen ya tafi.”

Injin nawa ba ya da bakin kaset. Sai na kai kaset ɗin wani shago a bakin tasha inda ake zuba wa mutane waƙoƙi a memori. Mai shagon ya saurara kaɗan ya yamutsa fuska. “Mushe,” ya ce, don haka ake kiran malamin lakol a wajenmu, “wannan ai duk shara ce. Bari in wanke maka shi tas.” Ya kuwa wanke. Ya datse surutun farko da na ƙarshe, ya danne shuuu ɗin nan na tsohon kaset, ya bar busa da kiɗa zalla. Na yi masa godiya har da sa albarka.

Da na kunna a gida, akwatin gurnani ya mayar da ƙwaryar mata tsawa. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, gilashin taga yana kakkarwa, sarewar kuwa ta nutse can ƙasa. Baba ya karkato da kunnen dama, ya daɗe, sannan ya girgiza kai.

“Ba ni jin shi.”

A nan na gane cewa abin da ya iya fim ba lallai ne ya iya kiɗa ba, kuma a nan na ɗaura ɗamara. Kullum na taso daga lakol sai in tuɓe riga in hau aiki. Na rage gurnanin nan har ya koma daidai bugun ƙwarya. Na jawo akwatin daga lungu, domin na lura lungu yana ƙara masa kumburi. Na kashe sifikun baya, na bar biyun gaba, na ɗauke su daga ƙasa na ɗora bisa kujeru daidai tsayin kunnen mai zaune. Ɗakin siminti ne, sauti yana dukan bango yana dawowa, sai na shimfiɗa tabarmi da darduma, na rataya bargon aurenmu a bango. Maiɗakina ta tsaya a ƙofa tana kallo ta ce, “Saura katifa.” Ba ta san na riga na yi tunanin katifar ba. Tagar da ke kakkarwa kuwa tsumma na cusa mata.

Gaskiya sauti ya gyaru. Har yau ina alfahari da wannan aiki. Sarewa ta fito siririya, garau, kana jin inda mai busa yake jan numfashi. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna tambaya ko baƙi muka yi daga ruga. Na zaunar da Baba a tsakiya, daidai inda sautin sifikun biyu yake haɗuwa, na tsaya ina jiran yabo.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Yana da daɗi. Allah shi yi albarka.” Sannan ya ƙara da cewa, “Amma ba ni jin shi.”

Raina ya ɓaci, kuma tausayinsa ya kama ni, don na ɗauka kunnen ne ya ƙarasa. Shi ma haka ya ɗauka. Ya ce in ba shi kaset ɗinsa, ranar kasuwar Gangara zai bi mota ya koma gida. Yadda ya faɗi maganar a sanyaye, yana naɗe tsumman nan da babu komai a ciki, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Na san mai karatu ya riga ni ganewa. Ni da na tashi a gidan, kaina yana cikin wayoyi da maɓallai, ban gane ba sai da Goggo ta same ni a tsakar gida tana tsintar wake.

“Mushe, wai shin wane ne ‘shi’?”

“Kiɗan mana, Goggo. Busar.”

Ta ɗago ta dube ni kamar yadda ake duban ɗan akuyan da ya shiga masallaci. “Busa? Mai busar yana nan da ransa a ƙauye, ko yau aka ce ya busa sai ya busa. Don ita zai ɗauko kaset tun daga Gangara? Kai da ka girma a gabansa, wa yake ce wa ‘shi’?”

Sai da na nemi wuri na zauna.

“Kafin a fara busar,” in ji ta, ta mayar da idonta kan wake, “akwai wata akuya.”

Ban ko sa takalmin kirki ba na nufi tasha. Allah ya taimake ni kaset ɗin yana nan cikin kwalin mai shago. Na roƙe shi aron tsohon rediyon da yake juya kaset da shi, da wayar da za ta haɗa shi da kayana. Ya gargaɗe ni cewa zaren ya tsufa, rediyon kuma yakan tauna in ya ga dama. Da bakin alƙalami na mayar da zaren farko, a hankali.

Bayan la'asar ne. Na ajiye wayata kusa tana ɗauka, don in zaren ya tsinke kada mu tashi a tutar babu. Na danna. Shuuu ya cika ɗaki, sharar nan da na biya aka wanke. Can ciki zakara ya yi cara, ana daka, maza suna gaisawa. Wata murya ta gifta daga nesa, ta wuce kafin a kama ta. Baba bai motsa ba.

Duk gyaran da na yi na kwanaki, na busa ne. Yanzu sai na sake lale. Na kashe akwatin gurnani gaba ɗaya, na ɗaga siririn sauti har ƙarshe, inda muryar mace take zama. Na ciro ƙaramar sifika guda daga kan kujera na miƙa wa Baba. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya manna a kunnen dama. Na sake mayar da zaren ina addu'a a zuci.

Zakara. Turmi. Sannan daga bakin ɗakin jego, da ƙarfinta, da ƙuruciyarta:

“Ku kore mini akuyar ga, ta sa baki a hura! Kuna zaune kuna kallo?”

Sai dariyarta, wadda take farawa kamar tari.

Ban taɓa jin muryar Inna tana yarinya ba. Ni ne jaririn da ke bayanta a ɗakin, ga ni kuma tsaye da furfura a gemu.

Baba ya ce, “Ga shi nan.”

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, sifikar tana manne a kunnensa. Goggo ta tashi ta fita, wai ta bar wake a rana. Da busa ta fara, ya ɗaga hannu ba tare da ya buɗe fuska ba, ya ce, “Mayar.” Na mayar. Mun yi ta korar akuyar nan har aka kira magariba, zaren kuma bai tsinke ba.

Kafin damina ta zagayo kunnen ya rufe ɗif, bayan wata daminar kuma shi ma ya tafi. Kayan sautin suna nan, sifika biyu sun mutu, bargon ya koma kan gado. Abin da wayata ta ɗauka ran nan shi nake kunnawa in kewa ta taso. Kwanan baya babban ɗana ya ji, ya ce akwai manhajar da za ta cire shuuu ɗin da surutun da ke ciki, ya rage sauti mai tsabta. Na ce ya bar mini kayana yadda suke.

Abin da na koya shi ne, kafin ka gyara wa mutum sauti, ka tambaye shi me yake nema ya ji, domin abin da kai ka kira shara wataƙila shi ne dukan abin da ya rage masa. Baba yana sauraron akuya don ya ji Inna. Ni yanzu ina jiran Inna ta gama dariya, don in ji tsohon nan ya ce, “Ga shi nan.”