Lungun da Baba Gambo Ya Ɓoye

A duk gaɓar Wara babu wanda bai san halin Baba Gambo masunci ba. Tambaye shi inda kifi yake, sai ya turo leɓe gabas, ya tuƙa jirginsa yamma. "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba," in ji shi. Kai, tsohon nan akwai zurfin ciki!

Yana da wani lungu bayan tsibiri, mai ciyawa, inda ayu, wata babbar dabbar ruwa, ke kiwo da 'ya'yanta. Ubansa ne ya nuna masa, shi kuwa ko matarsa Barira bai faɗa wa ba. Gurarsa, wato tarkon kifi, uku kawai yake kafawa a bakin wurin, ya kama na miya. Son dabbobin nan yake kamar jikokinsa.

Sai ga Zipora, 'yar kan tudu, ta zo da na'ura tana zana taswirar wuraren da za a hana kamun kifi. Aka haɗa ta da shi. Kwana uku yana yawo da baiwar Allah inda ko kwaɗo ba ya kwana, tana rubutawa, yana ƙumshe dariya.

Ran na huɗu ta shimfiɗa masa takardar. Ya ga lungunsa fari fat.

"Ɗiyata, nan fa, mi farin ke nufi?"

"Ba komai a wurin ke nan, Baba. Masu babban taru suna iya ja."

Ashe ɓoyon da ya yi shekara arba'in shi zai ba da dabbobin nan ga masu taru!

"In kuma kin shafa mishi launi?"

"Babu mai sa komai. Har kai, Baba."

Ya yi tsaki, ya ce yaran zamani ba su da ta ido. Amma da hantsi ya kai ta lungun, yana tsoma filafilin tuƙi a hankali. Suka jira har baƙin hancin ayu ya ɓullo, ya ja numfashi, ƙarami na biye. Zipora ta ɗaga na'urar za ta latsa, ta sa wurin a taswira.

"Dakata," ya ce.

Ya miƙa hannu ya tsamo gurarsa ɗaya bayan ɗaya, ya zazzage kifin cikin ruwa, ya jibge tarkunan a jirgi. Idonsa ya kawo ruwa, bai ɓoye ba.

"To, latsa. Barira ta yi haƙuri da daddawa."