Shingen Magaryar Baba

Har yau in na tuna shingen nan raina ɓaci yake yi.

Bayan idon Baba ya tafi, abu ɗaya ya rage masa na jin daɗi, fita gona bayan sallar asuba. Ni nake yi masa jagora daga gidanmu na Tudun Wada, mu ratsa Tudun Jukun kafin 'yan acaɓa su cika hanya. Shingen magarya ne ya zagaye gonar, shi ya dasa da hannunsa. Ƙarshen kaka in ta nuna, tsuntsaye har rige-rige suke yi. Tun daga nesa Baba zai karkata kunne: "Ga kanari can. Waccan hasbiya ce, ba kurciya ba, kai ba ka da kunne ne?" Da kukansu yake gane mun iso. Ba ya bari a girgiza reshe. Wadda ta faɗo tamu ce, ta sama rabon tsuntsu.

Sai yayana, ma'aikacin gwamnati mai takalmi sau-ciki da bai taɓa taka raɓa ba, ya ce zai sa a gyara gona. Muka ce Allah ya yi albarka. Gyara fa! Ashe gyaran nasa a sare shinge ne, a cinna wuta, a kafa shingen waya. Wai ƙaya na korar masu sayen fili. Wa ya ce masa za a sayar? Mai gona fa da ransa!

Lokacin da aka yi aikin zazzaɓi ya kwantar da Baba, ba mu san an yi ba. Ranar da ya warware muka fita, muna isa sai na ga kututture baƙi ƙirin. Ko'ina tsit. Na tsaya cak.

"Me ka tsaya yi? Da saura," in ji Baba.

"Mun iso, Baba."

"Ka dai ɓatar da mu. Ina tsuntsayen?"

Ya miƙa hannu yana laluben reshe, wayar ta karce shi. Ya daɗe yana shafa ta.

"Yayanka ne?"

"Shi ne."

"To. Mai da ni gida."

A tsakar gida na wanke Yaya tas, har sai da Inna ta fito ta riƙe ni. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "Haba, a kan magarya?" Ya aika kasuwa aka sayo kwano guda, aka dire gaban Baba. Ko ɗaya bai taɓa ba.

Washegari na leƙa ɗakinsa na ce mu tafi. Ya ce, "Je ka abinka." Bai ƙara taka hanyar gonar ba har Allah ya karɓi ransa.