Goggo Verlene da Tudun Icahpe

Kafin rana ta ɗaga, Goggo Verlene ta riga ta shanye baƙin kofinta, ta ɗauki sandar ƙarfe da 'yar jakar taba, ta kama hanyar tudun da ke bayan gidanta a garin Kyle. Shekara talatin ke nan tana wannan hawa. Bana sai ta huta sau uku kafin ta kai. Ko ta kai ɗin ma, ido ba ya rarrabe mata icahpe, tsiron maganin da take nema, da sauran ciyawa, sai ta shafa ta ji ƙayar kan furen ta soke ta. Sannan ta zuba 'yar taba a gindinsa don godiya, ta wuce na gaba.

Duk wanda ya tashi cikin ƙabilar Lakota ya san saiwar icahpe. Mai ciwon haƙori ya tauna, dasashi ya mutu, ya samu sauƙi. Mawaƙan ganga ba sa zama sai da guntunta a kumatu, kada murya ta dishe. Abin da yawancinmu muka manta shi ne, saura ƙiris ta ƙare a wannan yanki.

Shekarar da masu sayen magani na birni suka gano ta, jama'a suka bazu daji da motoci da buhuna. Cikin wata biyu tudun ya koma ramuka. Maƙwabciyarta Cleta tana wurin ranar da Goggo ta tarar da Orval, ɗan wanta, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana tumɓuke saiwa har gutsu.

Ta ce, "Orval, ubanka ne ya koya maka wannan haƙa, ko a wajen gafiya ka ɗauko?"

Ya ce, "Goggo, sanyi na zuwa, yara ba takalmi. Fure zan sa musu a ƙafa?"

"To haƙa abinka. Amma bar gutsun a ƙasa ya sake tohowa, ka murje irin a ramin, ka taka. Wannan ma aiki ne?"

Ya yi dariya, ya saɓa buhu ya tafi. Ta riƙa bin bayan mahaƙa rami-rami, tana murje busassun kawunan fure da tafin hannu tana rufewa. Cleta ta ce hannun har jini yake yi. Kwana uku Orval na hangenta daga mota, a na huɗu ya sauko ya kama rufewa, kansa a ƙasa. Irin ba ya tsira sai ya sha ƙanƙarar shekara, saiwar kuma ba ta isa haƙa sai bayan shekara huɗu. Duk ta jira, ba ta da tabbacin komai zai fito.

Goggo, ke ce uwar tudu. Ke ce kika tsuguna a inda kowa ya kwasa ya wuce. Ba a taɓa ƙwanƙwasa miki ƙofa da kumburarren kunci an koma hannu biyu ba, kuma mai ciwon da ya fi ƙarfin saiwa, da kanki kike kora shi asibiti.

Yanzu hankalinta ba a kwance yake ba. Shekara uku ruwa bai wadata ba, furen ya ragu. Wani manomi kuma yana neman hayar tudun ya shuka alkama, garma kuwa ba ta barin gutsu. Ranar Talata kwamitin filaye zai zauna a kan maganar. Ranar Litinin 'yarta Marlys za ta tafi da ita birnin Rapid City a yi mata aikin ido, kuma Marlys ta ce hawan tudu ya ƙare ke nan.

"Inna, ki ci abinci mana," in ji Marlys jiya, ganin miyar ta huce a gabanta.

Goggo ta ture kwanon. Ta ce, "Aikin ba ya ba ni tsoro. In sun buɗe mini idon, me zan dawo in gani?"

Amsar wannan tambaya a hannunmu take, ba a hannun Marlys ba.

Mun gode, Goggo Verlene. Allah ya sa a yi aiki a sa'a. Mu kuwa da muka tauna saiwarki shekara da shekaru, zaman kwamitin na ranar Talata ƙarfe goma ne, kuma kujerarki za ta kasance ba kowa. Wanda ya san ya taɓa kwana lafiya saboda ke, ya zo da wuri ya zauna a kai, ya kare tudun a madadinki.