Hanyar da Na Zana da Jan Biro

Wata Asabar, mako biyu bayan an gama yankan shinkafa, a shekarar da na cika sha huɗu, Sajan Talle ya fito da ni gaban layi a filin makarantarmu ta jeka-ka-dawo da ke Haɗejia, ya ɗaga takardata sama iska tana kaɗa ta. Taswirar tafkin ƙauyenmu ce na zana. Ya juya ta hagu, ya juya ta dama don na baya su gani, ya ce a tafa mini sau uku irin na fareti, kuma daga ranar sunana Kofur Yagana. Ina tsaye ƙiƙam cikin farar riga da baƙin siket da Gwaggo ta goge mini da dutsen guga na gawayi, ina ta kokawa da bakina kada ya yi murmushi, domin an koya mana ɗan sanda ba ya washe haƙora a kan layi. Ban taɓa jin daɗi irin na safiyar nan ba, kuma har yau ina jin haushin kaina idan na tuna.

Shiri ne aka kawo wasu makarantu a shekarar, don a nuna wa matasa aikin ɗan sanda, ko wasu sa so shi idan sun girma. Duk Asabar muna filin ƙwallo tun rana ba ta yi zafi ba, ana koya mana lefi-rai da sarawa da busa usur, sannan mu koma gindin darbejiya a nuna mana yadda ake rubuta rahoto. Ba zan yi ƙaryar kishin ƙasa ne ya kai ni ba. Wata 'yar sanda na gani a bakin kasuwa ta ɗaga hannu ɗaya, babbar mota shaƙe da buhunan tattasai ta tsaya cak, ni kuwa ko ƙannena ba sa tsayawa in na ce su tsaya. Daga nan na yi sallama da carafke da 'yar gala-gala. Lokacin tara ƙawayena suna wasa, ni ina bayan aji ina buga ƙafa. A gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da nake zaune wurinta saboda karatu, da fareti nake ɗebo ruwa, rabin bokitin ya ƙare a wuyana, har awakin gidan sai da na sara wa. Gwaggo takan leƙo daga madafa ta ce, "In kin gama kama ɓarayin, ga wanke-wanke can yana jiran beli." Sajan Talle kuwa dogo ne mai sanyin murya, ya san sunan kowa, yakan saya mana ƙanƙara da kuɗinsa. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Makamin ɗan sanda na farko idonsa ne." Da ya ce wuta ruwa ce, da na ɗauko kofi.

Ƙauyenmu yana cikin fadama ta wajen Kirikasamma, inda rabin shekara kwalekwale ne jakinmu. Can nake hutu, ina korar tsuntsayen jan-baki a gonar shinkafa da gwangwani, ina tsinko bado, ina taya Inna gyaran kifi muna jerawa a kan banda har ƙaurin ya kama mini gashi. Idan ruwan kogi ya janye bayan kaka yakan bar tafkuna, kifi ya maƙale a ciki. Akwai guda ɗaya mai zurfi, can tsakiyar kachala, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, wanda duk gari suke kira Rumbu. Ba a taɓa shi sai bazara ta tsananta, hatsi ya yi ƙasa a gidaje. Ranar da Bulama, mai garinmu, ya ba da umarni, maza su shiga da goruna da koma, a fito da tarwaɗa da karfasa da bargi a zube a kan tabarmi, a raba gida gida, har tsohuwar da ba ta da kowa sai an kai mata kasonta. Mahaifina, Sarkin Ruwa Modu, shi ke tsaron Rumbu, kamar yadda ubansa ya tsare shi. Ba albashi, ba gona. Abin da yake da shi a aikin bai wuce a ce an yarda da shi ba, kuma da wannan yake tafiya kansa a sama.

Ranar su, wato ranar kamun kifin, kowa yana bin sa ne a baya ta hanyar da ya sassabe da safen, kachala kuwa kan rufe ta cikin 'yan makonni. Hanyar dindindin, wadda ake bi a duba tafkin, gidanmu kaɗai ya san ta. Ni ce babba, ƙannena maza ba su isa riƙe gwangwala ba, don haka ni nake tura masa kwalekwale. Ya nuna mini ƙullin da yake yi a ganyen kachala a duk inda za a karya kwana. Sau ɗaya kuma ya bi da ni ta baya, ta wani tudu da yake bushewa da rani, inda wata kanya take tsaye ita kaɗai. Ya ce mini, "Hanyar nan ba tamu ba ce, ajiya aka ba mu." Na ji, kuma na riƙe. Sai dai a wautata na ɗauka ɓarayi ake ɓoye wa, ɗan sanda kuwa ai shi ne maganin ɓarawo.

Don haka da Sajan ya ba mu aikin gida, kowa ya zano wuri mafi muhimmanci a garinsu kamar yadda ɗan sanda yake zana inda aka yi laifi, wasu suka kawo masallaci, wasu tasha, ni na kawo Rumbu da duk kwanoninsa. Bayan tafin nan na ranar Asabar ya kira ni gefe, ya zaunar da ni a benci. Ya tambayi zurfin ruwan, ya tambayi irin kifin, yana jinjina kai yana cewa ina da ido. Sannan ya miƙo mini jan biro ya ce in an yi laifi a wurin, ta ina motarsu za ta shiga ta kawo ɗauki? Na ja layi tun daga titi, ta kan tudu, na ratsa ta hagun kanya har bakin ruwa. Na rubuta sunana da ajina a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce za a nuna wa manya.

Watanni suka wuce. Ana saura mako uku a buɗe Rumbu, aka yi rasuwa a dangin Bulama a Birniwa, dattawan gari suka shirya tafiya ta'aziyya ta kwana uku, da Baba a cikinsu. Inna tana jego, dole in koma gida in riƙe mata aiki. Da yake an koya mana ba a fashin fareti sai da izini, na je na sara wa Sajan na yi masa bayani dalla-dalla, ranar tafiya da ranar dawowa. Ya ce Allah ya jiƙan musulmi, in gaida masa Sarkin Ruwa.

Washegarin dawowar Baba muka je duba tafki. Tun kafin mu karya kwanar ƙarshe wari ya tare mu. Ruwan ya koma iya gwiwa, an zuƙe shi da injin ban ruwa, ga shatin tiyo a kan laka, ga ƙananan kifin da ba su so ba an watsar suna ruɓewa, shamuwa da balbela sun cika wurin. Baba bai yi salati da ƙarfi ba, bai zagi kowa ba. Ya naɗe wandonsa ya bi sawun tayoyi zuwa tudu, ina biye. A gindin kanya ya tsaya. Motar ta bi ta hagu, ta kafe a taɓo, ga ramin da suka haƙa da rassan da suka shimfiɗa kafin su fitar da ita. Ya ce wannan aikin baƙi ne, domin ɗan garin da ya san tudun nan ta dama zai bi, hagu ba ta bushewa. Ni kuwa na tsaya ina kallon ramin. Sau ɗaya na taɓa bin tudun nan, na manta ɓangaren da muka bi, kuma ni na ja layin ta hagu. Kuskurena ne kwance a ƙasa da sawun taya.

Duk da haka ban zargi Sajan ba, kun ji irin yardar da na yi masa. Na ce sace masa takardar aka yi. Ranar Litinin ban shiga aji ba, na wuce inda yake aiki da rahotona a rubuce, kwanan wata a sama, kamar yadda ya koya mana. Ya karanta yana tsaye, ya ninke, ya dube ni da wani ido da ban san shi da shi ba. Ya ce wace taswira? Na fara tuna masa, ya katse ni da muryar nan tasa mai sanyi: "Yarinya, kin san hukuncin wanda ya yi wa jami'i ƙazafi? In ma takardar ta fito, sunan wa ke jikinta?" Ban san lokacin da hannuna ya tashi ya sara masa ba kafin in juya. Wannan sarawar ta fi komai ci mini rai.

A ranar na hau motar ƙauye. Na sami Baba a zaure yana ɗinkin koma, na durƙusa na faɗa masa komai ina kuka. Ya ƙarasa ƙullin da ke hannunsa. Da ya ɗago, tambaya ɗaya ya yi, ko na gaya wa wani. Na ce a'a. Ya ce to, in na ƙara buɗe baki a kan maganar nan bai yafe ba, domin namiji yakan rayu da baƙin suna a gari, amma yarinyar da aka ce ita ta sayar da abincin marayu har jikokinta sai an goranta wa. Gari kuwa ya riga ya ɗauki zafi. Ana ta cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma me ya sa sai da Sarkin Ruwa ya yi tafiya? Bayan sallar Juma'a Bulama ya tara mutane a ƙofar gidansa. Don ya wanke abokinsa ya sa aka kawo Alƙur'ani, ya ce Modu ya yi alwala ya rantse cewa ba daga gidansa hanyar Rumbu ta fita ba, magana ta mutu. Da na yi shiru da bakina kwana huɗu kacal, da ya rantse da zuciya ɗaya, kuma da ba a rubuta masa zunubi ba. Amma na riga na gaya masa. Ina leƙe ta jikin zana na ga ya dubi Littafin, ya mayar da hannuwansa baya, ya ce ba zai iya ba.

A wannan bazarar gidaje da yawa bado suka ci. Aka ba wani sarautar ruwa. Baba ya koma sahun baya a masallaci ba tare da kowa ya ce ya koma ba, mata suka rage shigowa wurin Inna, a makarantar allo ana kiran ƙannena 'ya'yan mai Rumbu. Shirin Asabar ya watse kafin ƙarshen zangon, aka ce an yi wa Sajan canjin wurin aiki. Na kai wa Gwaggo farar rigar na ce ta yi tsumma da ita. Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, bai taɓa tayar mini da zancen ba ko da wasa, kuma duk sanda zan koma makaranta sai ya ɗaure mini bandar kifi a takarda ya ce in kai wa Gwaggo.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a Haɗejia. Na haɗu da 'yan sanda na kirki tun daga lokacin, ba zan ɗauki alhakinsu ba, amma har yau ban yafe wa mutumin da ya dubi yarinya mai son ta zama kamarsa ya ga hanyar kifi ba. A da, gari guda yakan yi haƙurin wata biyar yana kallon abinci a ruwa saboda mutum ɗaya ya ce a jira. Yanzu kowa da injinsa, kachala ta cinye tafkunan, Bulama da dattawan da suka zauna a taron nan duk sun kwanta dama. Bara na je suna a ƙauye, na ga tsakar gida cike da mata, na ce yau dai zan sauke kayan nan. Na ba su labarin tun daga tafi har zuwa rantsuwa, na ce mahaifina bai sayar da Rumbu ba, ni ce na zana hanyar. Suka saurara da ladabi. Sai wata amarya mai goyo ta gyara zama ta ce, "Anti, wai wane tafki ke nan?"

Na wanke Baba a ranar da babu sauran wanda ya tuna an ɓata shi.